Na Buga Gaban Mota, Jikana Ya Taka Birki

Zuwa ga Malama mai wannan fili,

Yau Asabar ce. Na tashi da ɗan sauƙi a gwiwa, amma ƙirjina bai daina wannan bugun na ba-zata ba, hannuna na dama kuma yana rawa, saboda haka ki yi haƙuri da rubutun. Ina roƙonki ki taimake ni da shawara. Tsoro ya cika mini ciki, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa, domin wanda na saba faɗa wa komai shi ne maganar ta shafa.

Ni tsoho ne, na haura tamanin. Aikin da na yi har na ajiye shi ne gwada masu neman lasin tuƙi. Nakan zauna a kujerar gefe, in ce shiga nan, fita can, yi ribas, tsaya a kan tudu. Matata ta rasu. 'Yata guda ɗaya ce, tana aure a nesa, sai dai waya. Ina zaune a ɗaki da falo a ƙasan wani bene. Maƙwabta mutanen kirki ne, amma tsakaninmu gaisuwa ce a bakin ƙofa. Mai zuwa wurina mutum ɗaya ne, jikana, ɗan 'yar nan tawa. A hannunmu ya girma. Marigayiya tana kiransa angonta, ni kuma na sa masa Ɓarawo, na ce ya sace mini mata, sunan ya bi shi har yau da ya yi gemu yana aiki a ofishin masu zanen gine-gine. Shi kuma Sufeto yake ce mini. Kowace Asabar yakan zo da cefane, ya aske mini kai, ya jera mini ƙwayoyin mako a ɗan akwatinsu, yana yi yana tsiya wai na fi rediyo surutu. In ranar asibiti ce shi ke kai ni, a tsohuwar motata mai ƙofa huɗu, wadda na bar masa tun da idona ya fara rauni.

Sai na gaya miki wani abu game da aikina, in ba haka ba ba za ki gane abin da ya faru ba. A gwajin tuƙi akwai abin da muke kira tsayawar gaggawa. Tun kafin a tashi nakan gaya wa mai neman lasin cewa duk sa'ad da na buga tafin hannuna a gaban mota, nan saman akwatin da ake ajiye takardu, to ya ɗauka yaro ne ya faɗo titi. Ya taka birki iya ƙarfinsa, kada ya tambaya, kada ya waiwayo. Ni na koya wa jikana tuƙi, a wani fili bayan ma'ajiyar kaya, kuma ban taɓa horar da kowa a kan wannan ba kamar yadda na horar da shi. Har abin ya zama mana wasa a gida. Ana cin abinci sai in buga tebur, ya ƙame da cokali a baki, kakarsa tana cewa za mu kashe ta da shirme. A lokacin ina ganin na ba shi kyauta mafi tsada da nake da ita.

Bara ya haɗu da wasu masu son mota. Ba 'yan iska ba ne, kowa da aikinsa da iyalinsa. Sukan taru a filin ajiye motoci na wani kantin kujeru da aka rufe, su buɗe bonet, su yi ta musu. Motocin da suke so su ne 'yan gajerun nan masu ƙofa biyu, waɗanda cikinsu ya kusa taɓa ƙasa. Jikana ya daɗe yana tari, ya ce shi ma lokacinsa ya yi. Ya tsayar da ransa a kan guda uku, ya kasa zaɓa. Sai ya ce Sufeto ne zai raba gardama, wai jikina ya san mota fiye da duk masu surutu a waya. Malama, ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. An daɗe ba a nemi ra'ayina a kan komai ba, sai likita da ke tambaya ko na yi bayan gida.

Asabar da ta wuce ya ɗauke ni muka je. Na tarar da motocin uku a jere, shuɗiya da baƙa da ja. Shuɗiyar ta wani ce da suke kira Dogo, wanda in ya shiga gwiwoyinsa sukan kai masa kunne. Ita ce mai araha, ƙarama, marar nauyi. Baƙar wani dillali ne ya kawo ta, ita ce mai tsada, Dogo ya ce kuɗinta zai sayi irin tasa biyu har a sauya tayoyi. Jar kuwa ta wani likitan haƙori ce, yana so ya sayar, kuɗinta tsaka-tsaki. Ban taɓa jin manyan mutane suna musu irin wannan ba. Likita ya ce motar Dogo keken ɗinki ce da aka sa wa rufi. Dogo ya ce ai haƙoran rabin gari aka cire kafin a sayi jar, sauran rabin kuma za su tafi a kuɗin mai. Dillali yana ta nanata cewa daga tsaye babu wadda za ta kama baƙar, ita ke sauya wa kanta giya kafin ka ƙifta ido. Sauran biyun suka haɗu a kansa, suka ce tuƙa ta kamar zama ne a falo ana nuna maka titi a talabijin. Suka yi ta kirana Baba, suka kawo mini kujera, kowa yana so in goyi bayansa.

Aka shirya cewa jikana zai tuƙa kowace, ni ina gefe. Shigar ma aiki ce. Sai da mutum biyu suka riƙe ni suka sauke ni a hankali kamar ana saka tulu a rami, sandata kuma ba ta sami wurin zama ba, aka bar ta a hannun Dogo. Titin da suke gwaji yana bayan masana'antu, ba kowa a ƙarshen mako. Miƙaƙƙe ne, sai wata doguwar kwana, da dakalin siminti a gefe da turakun fitila.

Shuɗiyar muka fara. Gaskiya ta burge ni. Ba ta da wani ƙarfi na a zo a gani, amma tana gaya wa direba duk abin da tayoyinta ke takawa, giyarta gajera ce, kuma a kwana tana bin hannu kamar ta san inda za ka kafin ka juya sitiyari. Na tuna ƙuruciyata, har na ji ina murmushi. Baƙar kuwa shiru ce da nauyi. Da ya taka totur sai na ji an manna ni da kujera, cikina ya tsaya a baya. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, amma ban ji jikana yana tuƙi ba, ita ke tafiya da mu. Sai jar. Tun da ya tayar da ita na ga fuskarsa, na san an riga an gama zaɓe, ni dai an kawo ni ne in sa albarka. Injinta a gaba, ƙarfinta duk a tayoyin baya, ƙararta kuma har a haƙarƙarina nake jin ta.

Kafin mu tashi na ga ya danna wani maɓalli kusa da giya, ya riƙe shi har wata 'yar fitila rawaya ta kama a gabansa. Na tambaye shi mene ne. Ya yi dariya ya ce ya kori Hedimasta ne. Ashe motocin yanzu suna da wata na'ura da ke lura da tayoyi, in ta ga bayan mota zai zame sai ta rage wuta da kanta, ta gyara. Su a ƙungiyarsu Hedimasta suke kiranta, kuma al'adarsu ce da mutum ya zauna, kafin ma ya gyara madubi, ya kashe ta. Wai sai an kashe ake jin ainihin motar a hannu. Wanda ya bar ta a kunne ɗan firamare suke ce masa. Na so in yi magana, amma na duba ta taga na ga su ukun suna kallonmu, na ce kada in kunyata shi a gaban abokansa.

A miƙaƙƙen titin lafiya lau. Da muka isa kwana na ga ya shiga da gudu fiye da yadda ya yi a sauran, kuma ya koma kan totur tun ba mu fita ba. Akwai ɗan yashi da manyan motoci suka zubar. Na ji bayan motar ya saki ƙasa ya fara fita gefe. Zan faɗi gaskiya don Allah: hannuwansa daidai suka yi, ya fara juya sitiyari ta inda ya kamata, wataƙila da an bar shi da ya kama ta. Sai kawai na ji tafin hannuna ya bugi gaban motar. Har yanzu ban sani ba, dafawa na je yi don kada in faɗi, ko kuwa tsohon aikina ne ya motsa. Shi dai bai tambaya ba, bai waiwayo ba. Ya taka birki iya ƙarfinsa, a tsakiyar kwana, mota tana zamewa, abin da ni kaina zan kayar da mutum a gwaji in ya yi shi.

Motar ta juya da mu. Na ga turken fitila ya wuce ta tagata, kusa ƙwarai, har na ga takardar talla da aka manna a jikinsa. Tayar baya ta daki dakalin siminti, muka tsaya muna fuskantar inda muka fito. Injin ya mutu. Ƙaurin roba ya cika motar. Ya dubi hannuna, wanda har lokacin yana nan a inda ya buga, sannan ya dube ni.

Abokansa suka iso a guje. Likita ya fara duba tayarsa, sannan ya tuna da ni, kunya ta kama shi. Ba wanda ya ji ciwo. Jikana ya gaya musu laifinsa ne, shi zai gyara abin da ya lalace, bai ambaci hannuna ba ko da wasa. Dogo ya fara wata barkwanci a kan 'yan firamare, ya ga ba mai dariya, ya miƙo mini sandata. A hanyar gida jikana ya tuƙa tsohuwar motar kamar mai ɗauke da ƙwai, har masu keke suna wuce mu. Ya zaunar da ni a kujerata, ya kawo ruwa, ya ce zai dawo Asabar ya ji hukuncina, domin Likita yana son amsa, akwai wani mai saye. A tsakiyar mako ya kira sau ɗaya, ya tambayi ko ina shan magani. Sai na ji ya ce mini Kaka, ba Sufeto ba. Malama, tun yana koyon magana bai taɓa ce mini Kaka ba. Wannan ya fi turken fitilar tsorata ni.

Tun ranar ba ni da sukuni. Da na rufe ido sai in ga kwanar nan, amma ba ni a cikin motar, shi kaɗai ne, turken kuma ta gefensa yake. A bayan ofishinmu na da akwai filin da ake jawo motocin da suka yi haɗari, na sha wucewa ta nan, na san yadda ƙofar direba take komawa. Ina tsoron ya sayi jar nan, ya ci gaba da korar Hedimasta don kada a ce masa ɗan firamare, wata rana a kira ni a waya. Ko ma ba za a kira ni ba, uwarsa za a kira, a ce a ɓoye wa tsoho.

Amma in ya zo na ce masa bai isa riƙe motar nan ba tukuna, da wane baki? Zai iya cewa ni na juya motar, kuma bai yi ƙarya ba. In ya yi fushi ya ɗauke ƙafa, wa nake da shi? In kuma na yi shiru na ce jar ta yi, don dai ya ci gaba da zuwa yana aske mini kai, to na sayar da ransa ke nan saboda kaɗaicina. Na ɗaga waya zan kira uwarsa, na ajiye. Na san ta, za ta yi ta kuka tana rantse-rantse, shi kuma ya ce na kai ƙararsa kamar yaro.

Akwai kuma abin da nake jin nauyin rubutawa. Ya ce in ya sayi sabuwa zai sayar da tsohuwar, domin wurin ajiye mota ɗaya ne a gidan da yake haya. Duk cikin ukun nan babu wadda zan iya shiga sai an ɗauke ni, babu inda sandata za ta zauna. Wani lokaci nakan tambayi kaina, shin ransa nake ji wa tsoro, ko kujerata? Na kasa raba su. Kuma ko da ya ɗauke ni, ina tsoron hannun nan nawa. Na daina yarda da shi.

Me zan ce masa in ya zo? Abin da nake so ki gaya mini ke nan.

Tun safe nake wannan rubutu, ina yi ina hutawa. Na fito da reza da tawul na ajiye a kan tebur, na dafa shayi na mutum biyu. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai in ɗaga labule. Yanzu rana ta sauka daga bangon maƙwabta, shayin ya huce, akwatin ƙwayoyin nan babu komai a cikinsa. Na duba wayar, tana da caji. Bai zo ba.

Naki mai neman shawara,
Tsohon mai gwajin direbobi


Baba,

Sannu da wannan firgici, kuma mun gode wa Allah da abin ya tsaya a kan taya. Zan fara da jikinka, domin ka ambace shi a layin farko ka wuce kamar ba komai ba. Bugun ƙirji da rawar hannu bayan irin wannan girgiza ba abin da za a jira ranar asibiti ba ne. Ka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcin nan da kuke gaisawa, ka ce ya raka ka wurin likita, ya kuma taimaka maka jera ƙwayoyin makon nan. Mutane da yawa suna so su taimaka, jira suke a tambaye su.

Sai maganar jikanka. Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman fushinsa, ban same shi ba. Mai fushi ba ya ɗaukar laifi a gaban abokansa ya rufa wa wani asiri. Mai fushi ba ya tuƙi har masu keke su wuce shi. Kai kana rufe ido kana ganin turken nan ta gefensa. Shi kuwa ba sai ya rufe ido ba, ya gan shi da gaske, kuma ta gefenka ya wuce. Yaron nan ya kusa kashe kakansa a kan abin wasa, ya sani, shi ya sa bakinsa ya kasa ɗaukar Sufeto. Ka kuma tuna abin da ya ce zai zo yi ranar Asabar: jin hukunci. Kai da ka yi shekaru kana kallon fuskokin masu jiran sakamako, ka fi ni sanin dalilin da zai sa mutum ya ƙi zuwa karɓar nasa. Ina iya yin kuskure, ban san shi ba. Amma ni kunya da tsoro nake gani.

Yanzu mu raba laifin da adalci. Hannunka ya taimaka wajen juya motar, ba zan ce maka a'a ba. Amma kafin hannunka ya motsa an riga an yi kurakurai da ba naka ba. An kashe na'urar tsaro a titin da kowa ke da haƙƙin bi, a motar da direban bai saba da ita ba, da tsoho ɗan tamanin a gefe. Duk wanda ya ɗauki fasinja ya ɗauki har da firgitarsa. Ta ɓangarensa kuma, son irin waɗannan motoci ba laifi ba ne. Guminsa ne, babba ne, kuma abin da yake nema a sitiyari kai ka fara ɗanɗana masa. Kai ma ka yi murmushi a cikin shuɗiyar.

Ka ce da wane baki za ka yi masa magana. Baba, mutum mai gemu, a gaban abokansa, a motar da yake mafarki, ya ji bugun hannunka ya taka birki bai tambaya ba. Maganarka ba ta taɓa yin nauyi a wurinsa kamar yanzu ba. Abin da ya rage shi ne ka yi amfani da ita ta baki, ba ta hannu ba.

Ga abin da nake ba ka shawara. Kada ka jira wata Asabar, kai ka kira shi. Da ya ɗauka ka ce Ɓarawo, ka ce gashinka ya yi tsawo. In bai ɗauka ba ka tura masa wannan a rubuce, kada ka ƙara komai. In ya zo, ka fara da naka: ka gaya masa hannunka ne ya buga, ka ga yadda ya rufa maka asiri, ka kuma gaya masa abin da ka gaya mini, cewa hannuwansa daidai suka yi. Yana bukatar jin wannan daga bakinka. Sannan ka sallame shi daga tsohuwar dokar nan. Ka ce masa daga yau bugun gaban mota ba umarni ba ne, gwaji ya ƙare tuntuni, shi ne direba.

Bayan haka ka ba shi hukuncin da ya nema, yadda ma'aikaci zai bayar. Ya tambaye ka a kan motoci uku, to ka amsa a kan ukun. Baƙar ta fi tsada da gudu amma ba ta bar wa direba aiki ba. Shuɗiyar ta fi araha, kuma ita ce ta yi magana da jikinka. Jar tana da daɗi, amma tana neman hannun da ya fi nasa ƙwarewa a yau. Wannan ba hani ba ne, sakamako ne, kuma wanda ya faɗi gwaji yana da damar sakewa. Ka roƙe shi abu biyu: Hedimasta ya zauna a kunne a duk titin jama'a, in kuma yana son sanin yadda mota ke zamewa, ya nemi rufaffen fili da ƙwararren mai koyarwa. Ina kyautata zaton bayan abin da suka gani, abokan nasa ma ba za su yi saurin kiran kowa ɗan firamare ba.

Maganar kujerarka kuwa, ka daina jin nauyinta. Tsoron rasa shi da tsoron rasa zuwansa duk daga wuri ɗaya suka fito, ba sai ka raba su ba. Ka tambaye shi kai tsaye yadda za a yi da asibiti in an sayar da tsohuwar motar. Mai yiwuwa ɗoki ne ya hana shi tunawa, kuma abu ne da ake shiryawa cikin sauƙi in an faɗa. Uwarsa kuma ka gaya mata ba ka jin daɗin jikinka, wannan haƙƙinta ne ta sani. Labarin kwanar ka bari shi ya ba ta, ko ku ba ta tare.

Ba zan yi maka alkawarin ba zai sayi jar ba. Yana iya saya, kuma a ranar sai ka sa masa albarka, domin mai tuƙi da albarkar kakansa a zuciya ya fi mai tuƙi da haushi natsuwa. Ka shafe shekaru kana zaune a kujerar gefe, ka san aikin mai wannan kujera ba riƙe sitiyari ba ne, faɗar gaskiya ce a kan abin da ya gani.

Ka bar reza da tawul a inda suke, ka ɗauki wayar. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsare maka Ɓarawonka a kan kowace hanya, Ya sa shayin gaba ku sha shi da zafinsa.

'Yarka,
Mai wannan fili